Ku Tambayi Baban Daji: Ɗana yana son sayen bindiga saboda beyar

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Baba. Ni malamar firamare ce a Talata Mafara, maigidana ya rasu shekara shida ke nan. Ɗana na fari ya samu tallafin karatu, yana digiri na biyu kan ilimin ma'adinai a jami'ar Alaska da ke Fairbanks, a Amurka. A watan Yuni za su shiga daji na mako shida ɗibar samfurin duwatsu, a tanti za su riƙa kwana. Ya bugo waya yana neman izinina ya ciri dala 800 daga kuɗin da yake tara wa bikin ƙanwarsa, ya sayi ƙaramar bindiga, wai saboda wata dabba da ake kira beyar. Ya ambaci iri biyu, na sa ya turo mini a rubuce: .44 Magnum da Glock 20. Baba, ka san abin da bindiga ta yi mana a jihar nan. Gonar mahaifinsa shekara huɗu ba mu taka ta ba. Na tura yaro neman ilimi, yau ga shi yana yi mini zancen harsashi. Dole ne sai ya saya? In dole ne, wacce?

Uwa daga Talata Mafara

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na ji inda zuciyarki ta tsaya. Duk ɗan Zamfara a yau, da zarar an ce bindiga, gawa da ƙauyen da aka tasa ne ke fara zuwa masa a rai.

Yaronki bai yi miki ƙarya ba, dabbar tana nan, kuma da yawa. Hukumar kula da namun daji ta Alaska tana ƙiyasta jar beyar, wadda suke kira girizli, wajen 30,000, baƙar kuma wajen 100,000, kuma duka biyun akwai su a dazukan da ke kewaye da Fairbanks. Da sanyi suna kwance cikin ramuka, sai wajen Afrilu ko Mayu su fito da yunwa, matan da 'ya'yansu a baya. Namijin girizli yakan haura kilo 200, na bakin teku masu cin kifi har su ninka haka. Tana da tozo a kafaɗa kamar bijimi, faratanta na gaba sun kai tsawon yatsa, gudunta kuma yakan kai kilomita 55 a awa. Ke malama ce, ki lissafa: mita 15 ke nan a sakan ɗaya. In ta taso daga nisan mita 30, kamar daga ƙofar ajinki zuwa sandar tuta, sakan biyu ne tsakaninta da mutum.

Na san sakan biyun nan tun ina ɗan shekara 15. A 1979, da kaka, muka shiga bakin dajin Kuyambana neman zuma ni da mahaifina. Maharbi ne na gado, mutumin da kan kaɓo zabo yana sama. Gamba ta fi tsayin mutum, ba ka ganin abin da ke taku biyar a gabanka. Sai carki suka tashi fir daga hannun damarmu. Ba mu tsaya ba. Abin da na ji kawai shi ne karayar kara da wani huci, mahaifina ya hankaɗa ni bayan wata ƙirya, ɓauna ta bi ta kansa. Ashe wani ne ya harbe ta bai kashe ba, ta kwanta da rauni tana jira. Ƙahon ya yage masa cinya, har ya koma ga Allah yana ɗingishi. Adakarsa kuwa tana rataye a kafaɗa, a ɗure, har aka gama komai bai kai hannu gare ta ba. Wata uku yana jinya, ban taɓa jin ya ce da ma bindigarsa ta fi haka girma ba. Abin da yake maimaitawa shi ne, "Carki sun gaya mini, ban saurara ba."

Shekara 32 bayan nan, ina aikin gandun daji, aka tura mu mu huɗu kwas a jihar Montana ta Amurka, inda su ma suke zaune da girizli. Wata safiya suka fito da mutum-mutumin beyar a kan tayoyi, ana sako shi da gudu daga nesa. Kowa aka ba shi gwangwanin feshin korar beyar na gwaji, wanda babu barkono a ciki, a ɗaure a ƙugu. Na san zai taso, ina kallonsa, an ma ƙirga mini har uku, amma kafin in zare makullin gwangwanin ya riga ya bugi gwiwata. Sai a karo na huɗu hannuna ya fara rigan tunanina. Da yamma wani malaminmu, wanda ya shekara ashirin yana yawo da .44 Magnum, ya gwada harbin abin da ke tahowa. Harsashi biyu ya samu ya saki. Duk harbi ɗaya sai bakin bindigar ya ɗaga sama, ya sake sauko da shi ya nemi saiti, abin kuwa yana ta matsowa. Mu baƙi ba a ba mu bindiga mu taɓa ba, kuma dalilin haka shi ne abu na farko da nake so ki gaya wa ɗanki.

Dokar tarayyar Amurka ta hana wanda ya shiga ƙasar da bizar zama na ɗan lokaci, har da bizar ɗalibai, mallakar bindiga ko harsashi. Akwai 'yan togaciya, wadda aka fi sani ita ce mutum ya kasance yana riƙe da lasisin farauta mai aiki na wata jiha. Ban da wannan, dillali mai rajista ba zai sayar masa da ƙaramar bindiga ba sai ya cika shekara 21, kuma sai ya nuna shaidar zama a jihar. In ya bi ta bayan gida, ya karɓa a hannun aboki ba tare da ya cika sharaɗin ba, laifi ne mai ɗauri na shekaru, daga nan a soke biza a koro shi. Karatun da kika ɗora wa rai ya tafi ke nan. Haka in hanya ta bi da su ta Kanada, wadda ke iyaka da Alaska, kada ya kuskura ya doshi shingen da ita, dokarsu kan ƙananan bindigogi ta fi ta Amurka tsauri nesa ba kusa ba. Saboda haka kafin ya je kanti, ya fara zuwa ofishin kula da ɗalibai baƙi na jami'arsu, sannan ya zauna da malamin da zai jagoranci tafiyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Masu aikin daji a Alaska suna da tsarinsu: ana horar da mutane kafin a fita, kuma inda ake ganin akwai buƙatar makami, galibi doguwar bindiga ce mai ƙarfi a hannun mutum ɗaya da aka horar, wanda aikinsa ke nan. Mai yiwuwa ne ma malamin ya ce bai yarda kowane ɗalibi ya zo da tasa ba.

Yanzu ga abin da nake so a saya masa ko da bai sayi komai ba: gwangwanin feshin barkono na beyar. Sinadarin zafin barkono ne aka tace aka matse a gwangwani mai nauyin giram 225 ko fiye, yana fita kamar hayaƙi ya kai nisan mita takwas zuwa tara, ya ɗauki sakan bakwai ko kusa da haka kafin ya ƙare. Kuɗinsa wajen dala 50. Hancin beyar ya fi na kare jin wari, to ki ƙaddara abin da zai same ta in ta kutsa cikin wannan gajimaren da gudu. Fa'idarsa babba ita ce ba ya buƙatar saiti irin na maharbi. Hannu na rawa, gwiwa na kaɗawa, in dai mutum ya nuna shi gaba ya ɗan karkata ƙasa ya danna, ya gina katanga tsakaninsa da ita.

Wasu masana biyu, Tom Smith na jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na jami'ar Calgary, sun bi diddigin wannan tare da abokan aikinsu. A 2008 suka fitar da binciken karo 83 da feshin ya shiga tsakanin mutum da beyar a Alaska daga 1985 zuwa 2006. Ya tsayar da jar beyar a kashi 92 cikin 100, kuma kashi 98 na mutanen da ke ɗauke da feshin sun tsira babu ko ƙwarzane. A 2012 suka fitar da na bindiga, karo 269 daga 1883 zuwa 2009. Ƙaramar bindiga ta yi aiki a kashi 84, doguwa a kashi 76. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, cikin masu ɗauke da bindiga, waɗanda suka harba da waɗanda ba su harba ba, yawan jin rauninsu bai bambanta ba. Adalci shi ne in gaya miki lissafin biyu ba a ma'auni ɗaya aka auna su ba, kuma na ƙaramar bindigar karo 37 ne kacal. Ɗanki kuma alƙalami ya tashi da shi, ba bindiga ba.

Feshin yana da nasa aibin. Iska mai ƙarfi takan dawo da shi fuskar mai shi, tsananin sanyi yana rage masa ƙarfi, yana da ranar lalacewa a jikin gwangwanin, kuma ba a shiga jirgin fasinja da shi ko a cikin akwati, sai dai ya saya a can. Kada kuma ya fesa shi a jikin tanti ko tufafi da sunan rigakafi. In ya bushe ya lafa, warinsa jawo beyar yake yi.

To, a ce doka ta ba shi dama, malaminsa ya yarda, shi kuma ya dage. Wacce?

Bindigar .44 Magnum libarba ce, wato ƙaramar bindiga mai gangar harsashi da ke juyawa, mai ɗaukar harsashi shida, tun tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Smith & Wesson ya fito da ita, kuma har gobe ita ce ma'aunin da mutanen Alaska ke gwada sauran da shi. Harsashinta mai nauyi yakan kai giram 19, yana fasa ƙashi ya wuce. Ba ta da wani makulli da za a manta, ja kunama kawai, kuma ko an danna bakinta a jikin dabba za ta tashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don sau da yawa mutum yana ƙasa ne dabbar tana kansa kafin hannunsa ya kai ga makami. Amma tana da shuri. Sabon hannu yakan fara runtse ido yana noƙewa tun kafin ta tashi, kuma in wannan ɗabi'a ta kama mutum, harsashi ƙasa yake tafiya.

Glock 20 fistol ce mai harsashin milimita 10, tana ɗaukar 15 a cikinta. Ƙarfin kowane harsashi bai kai na .44 ba, amma shurinta da sauƙi, bakinta yana dawowa kan saiti da wuri, kuma a cike nauyinta kilo ɗaya ne da 'yan kai. Sojojin Denmak na rundunar Sirius, masu sintiri da karnuka a ƙanƙarar Girinlan, ita suke ratayawa saboda farar beyar. Rauninta shi ne in aka danna bakinta da ƙarfi a jikin abu, saman bindigar yakan ja baya kaɗan ta ƙi tashi, in kuma aka riƙe ta da sanyin hannu takan cije. Harsashi 15 ɗin kada ya ruɗe shi. Na gaya miki gwani ma harsashi biyu ya samu ya saki.

Ni dai, ga yaron da bai taɓa harbi ba, Glock 20 zan nuna masa, don ita ce zai iya koya cikin 'yan watanni har ya riƙa samun abin da ya nufa. In ya je wurin gwaji ya harba duka biyun, ya ga hannunsa ya fi zama da libarbar, to ya bi hannunsa. Abin da zan hana shi kai tsaye shi ne manyan nan da mai kanti zai iya zuga shi a kansu, irin su .454 Casull da .500 Smith & Wesson. Ta biyun nauyinta ya doshi kilo biyu. Mai ɗaukar guduma da jakar duwatsu yana hawan tudu, kwana uku zai yi ya tura ta ƙasan jaka, kuma bindigar da ke ƙasan jaka daidai take da adakar mahaifina a ranar ɓauna. A 2016 wani gogaggen jagoran mafarauta a Alaska ya kashe jar beyar da ta taso wa baƙinsa da 'yar fistol mai milimita tara. Mutane suna yawan kawo labarin don su ce ƙarama ma ta isa. Abin da ya isa a ranar shi ne shekara fiye da talatin da mutumin ya yi yana bin sawun dabbar, ya san inda zai sa harsashi, kuma hannunsa bai yi rawa ba.

Kowacce ya ɗauka, harsashin ya zama na dalma mai tauri, mai faffaɗan kai, wanda ke ratsa gashi da kitse da ƙashi. Mai ramin baki da ke buɗewa da ya shiga jiki ba na wannan aikin ba ne, tsayawa yake a kafaɗa ya bar ka da dabba mai rauni, wadda ta fi mai lafiya haɗari. Ya gwada irin harsashin a bindigarsa sosai ya tabbata ba ta cijewa da shi. Kuben kuma ya zama na ƙirji, don ɗamarar jakar baya tana rufe ƙugu. Sai atisaye, kuma a nan ne dala 800 ɗin za su gaza: ɗaruruwan harsasai, da kuɗin mai koyarwa, da akwatin ƙarfe mai makulli na ajiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. In daga yanzu zuwa Yuni ba zai samu lokacin wannan ba saboda karatu, to bindigar za ta fi zama haɗari ga abokan tafiyarsa fiye da beyar, musamman da dare a sansani, kowa a firgice, tanti kusa da tanti.

Ya kuma sani cewa harbin ba shi ne ƙarshen magana ba. Dokar Alaska ta yarda mutum ya kashe beyar don kare rai ko dukiya, amma sai ya kai rahoto, ya feɗe ta, ya miƙa wa hukuma fatar da faratan da ƙoƙon kan. In kuma shi ya jawo ta da sakacin barin abinci ko shara, dokar ba za ta rufa masa asiri ba.

Wannan ya dawo da ni kan carki. Yawancin waɗanda girizli ta raunata, karo suka yi da ita ba zato: uwa da 'ya'ya, ko wadda ke gadin mushe. Ya riƙa tafiya cikin mutane uku ko fiye, suna magana da ƙarfi, musamman a bakin rafi inda ƙarar ruwa ke danne motsi, da cikin kurmi mai duhu. In ya ga hankaki sun taru wuri ɗaya, ko ya ji warin mushe, ko ya ga sabon kashi yana tururi, ya juya. Abin toshe kunne na jin waƙa ya bar shi a gari. Aikinsu na duƙawa ne kan dutse ana ƙwanƙwasa, saboda haka in ɗaya ya duƙa, ɗaya ya tsaya yana duba gabas da yamma. Girki da ajiyar abinci su yi nisan mita 100 da wurin kwana, har man goge baki da sabulu kada su kwana a tanti. Kilishin da na san za ki so ki aika masa, ki bari sai wani lokaci, don ko a filin jirgi ba za a bar nama ya shiga ƙasar ba.

In sun haɗu, kada ya gudu, gudu yana tayar mata da son bi. Ya tsaya, ya zare gwangwanin, ya yi magana a hankali, ya riƙa ja da baya. Sau da yawa takan taso ta tsaya ko ta kauce a taku na ƙarshe. In girizli ce ta kai shi ƙasa, ya kwanta rub da ciki, jakarsa a baya, ya haɗa hannu ya rufe ƙeya, ya buɗe ƙafafu don kada ta birkice shi, ya yi lamo har ta tafi. In baƙa ce, ko kowace iri ce da ta biyo shi a hankali ko ta shigo tanti da dare, wannan cin sa take nufi, ya yi faɗa da duk abin da ke hannunsa, ya nufi hanci da ido. Kada ya dogara da launi wajen bambancewa, don akwai baƙar beyar mai jan gashi. Tozon zai duba.

Hajiya, in ya sake bugowa, ki ce kin yarda ya ciri dala 150: gwangwani biyu na gaske, ɗaya a ƙirji ɗaya a jaka, da na gwaji wanda zai yi ta zarewa har hannunsa ya saba. Sauran kuɗin su zauna wa ƙanwarsa. Zancen bindiga kuma ki ce kin jingine shi sai ya kawo miki amsar ofishin ɗalibai da ta malaminsa. Ki tambaye shi kuma ko tawagar tana da wayar tauraron ɗan'adam, don inda za su shiga babu sabis. Allah ya kai shi lafiya, ya dawo miki da shi lafiya.

TAMBAYA

Baba, barka da aiki. Kura ta ɗauke mini awaki uku cikin wata biyu a bayan gari. Tunda gwamnatin jiha ta taɓa cewa kowa ya nemi bindiga, zan iya samun lasisin 'yar ƙaramar fistol?

Matashi daga Gummi

AMSA

Ɗana, Allah ya mayar maka da alheri. Ba za ka samu ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu tana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha. Sanarwar da gwamnatin Zamfara ta yi a Yunin 2022 ba ta sauya dokar tarayya ba, kuma a lokacin ma 'yan sanda sun fito sun ce dakatar da ba da lasisi yana nan daram. A halin da muke ciki, saurayin da aka tare da fistol a aljihu, babu mai tsayawa jin labarin awakinsa.

Kura kuma da dare take zuwa, kana barci. Ka duba garkenka da safe, za ka ga ta ƙasa ta shiga ko ta wani gurbi da ta saba. Ka ɗaga shingen ya wuce tsayinka, ka ninka shi da ƙayar sarƙaƙiya, in da hali ka sa waya ka binne gindinta kamu biyu a ƙasa. Ka daina yar da mushe da ƙashi kusa da gida, su ke koya mata hanya. Ka samu kare biyu, ɗaya ba ya tsaya mata. Akwai kuma dabarar da wani yaron Masai, Richard Turere, ya ƙirƙiro a gefen gandun dajin Nairobi saboda zakuna: fitilu a jikin shinge masu kunnuwa suna mutuwa bi da bi, kamar mutum na zagayawa da tocila. Ƙananan fitilun sola masu walƙiya da ake sayarwa a kasuwa za su yi maka wannan aikin. Ka riƙa sauya musu wuri duk bayan kwana uku ko huɗu, don kura tana da wayo, in ta gane ba sa motsi za ta dawo.